Zuwa ga ɗiyata a Yamai, kan yawon bincike a waya

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya kuma karatu na tafiya daidai. Innarki ta ce forfe ɗin intanet na wata ba ya kai miki sati biyu, wai garin neman abu ɗaya sai ki ɓuge da kallon goma. Ni ban ga laifin yawon ba, don sau da yawa abin da mutum zai fi so a gefen hanya yake tsintar sa. Amma akalar ta zauna a hannunki.

Bidiyon da YouTube ke jero miki daga tarihin kallonki yake zaɓo su. Kin kalli girki uku, gobe girki zai cika miki fuska, kina nan wuri ɗaya kina zaton tafiya kike. Ki kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, ki riƙa share tarihin lokaci-lokaci, ki rubuta abin nema da yatsanki.

Wajen rubutun ne mutane ke tafka asara. Yawancin abin da ya shafi Nijar da rubutun Faransanci aka ajiye shi: Tahoua a madadin Tawa, haoussa, kilichi, tchoukou. Ki gwada duka biyun, ki kuma gwada ba lanƙwasa, tunda masu ɗorawa da dama ba su da ƙ da ɗ a wayarsu. Kalmomin da kika sa tsakanin alamun zance, Google zai nemo su a jere yadda suke. Alamar ragi manne da kalma kuwa fitar da ita take yi.

Ga misali. Ki nemi albasar Galmi, za ta kai ki ga sunanta na kasuwa, Violet de Galmi. Daga nan ki shiga Wikipedia, shafin jihar Tawa inda Galmi take, ki bi sunayen garuruwa, sannan ki nemi Yaama. Akwai masallacin laka da aka soma ginawa a 1962 a hannun magini Falké Barmou, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ƴan Tawa nawa ne suka san haka? Tsofaffin hotuna da taswirori kuma ki duba Gallica, rumbun laburaren ƙasar Faransa, kyauta ne.

Abin da ya burge ki, nan take ki rubuta sunansa da na wanda ya ɗora a littafi. Shafuka na mutuwa, waya na ɓacewa, kuma "wannan na rannan" ba ya nemuwa.

Batun mega: bidiyo a 720p, mai kyan hoto, na cin giga ɗaya ko fiye a awa, a 240p mai ƙarancin kyau kuwa wajen mega 200. In sauraro kawai kike, me za ki yi da kyan hoto?

Duk shafin da ya cika da manyan maɓallan saukewa masu walƙiya, talla ce ko tarko. Kada ki sa manhajar da ba daga Play Store ta fito ba, kuma lambar da aka aiko miki ta SMS kada ki ba kowa, ko ya ce daga kamfanin waya yake, da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum.

Innarki da ƙannenki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Tawa