Ina Son Fita Koyar da Turanci a Waje, Amma Sai Na Sayar da Gonar Gado

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron wannan fili, na sha jin yadda kake warware wa mutane matsaloli, yau kuma layi ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana, saboda 'yan'uwana ma masu sauraronka ne, kuma maganar ta shafe su.

Ni mutumin Katsina ne, shekarata 34, ina da mata ɗaya da yara biyu. Na karanta harshen Turanci a Jami'ar Bayero ta Kano, na gama a 2015, na yi bautar ƙasa, na ƙara da diflomar koyarwa, kuma ina da rajista da hukumar malamai ta TRCN. Shekara takwas ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har zuwa masu rubuta WAEC. Albashina naira 48,000 ne, duk da cewa tun 2024 doka ta ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur ɗina a zaure, da ƙafa nake zuwa aiki. Malam, ina son aikin nan har zuciyata. Ranar da yaron da ya zo mini ba ya iya haɗa jimla ya tsaya gaban aji ya karanta labarin da ya rubuta da kansa, sai in manta ban karya kumallo ba. Amma daɗin aiki ba ya auno masara, ba ya biyan kuɗin haya.

Wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare shi ya fara sa mini tunanin fita. Ya ce a ƙasashen Asiya iyaye na kashe dukiya don 'ya'yansu su iya Turanci, abin da nake ɗauka a wata shida wani malami a can yana ɗaukarsa a wata guda. Tun daga ranar, yau wata goma sha huɗu, kusan kullum in yara sun yi barci sai in ɗauki waya in shiga neman aiki, har na cika littafin rubutu guda da sunayen makarantu da sharuɗɗan kowace ƙasa.

Abin da na fara cin karo da shi ya sanyaya mini gwiwa. Koriya ta Kudu tana da biza ta musamman ga masu koyar da Turanci, amma jerin ƙasashen da aka san ana ba 'yan cikinsu guda bakwai ne: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya, wadda da Turanci take mulki da shari'a da jarrabawa, ba ta ciki. Ba su tambayi me ka karanta ba, ba su tambayi yara nawa ka koyar ba, launin fasfonka kawai. A Sin kuwa, tun a watan Yulin 2021 gwamnati ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, ta kuma hana malaman da ke zaune a ƙasashen waje koyar da yaran ƙasar ta intanet, wato ƙofar da da mutum zai iya samun 'yan daloli daga ɗakinsa ta rufe. Japan ta fi sassauci a takarda, domin sharaɗinta shi ne mutum ya yi aƙalla shekara 12 yana karatu da harshen da zai koyar, mu kuwa mun cika wannan tun daga firamare. Sai dai kuɗin jirgi da na kama ɗaki da na ci kafin albashin farko duk a wuyanka suke. Saudiyya ce inda raina ya fi so, kowane Musulmi ya san dalili, amma yawancin tallan da na gani na jami'o'insu digiri na biyu suke nema, ni kuma ban da shi.

Bari in ba ka labarin abin da ya fi yi mini ciwo. Wata cibiyar koyar da yara a Biyetnam ta amsa mini takarda, suka sa mini ganawa ta bidiyo da ƙarfe goma na safiyarsu. Sun riga mu da awa shida, wato ƙarfe huɗu na asubarmu. Babu wuta a daren. Na rataya farin zanen gado a bango, na ɗora waya a kan kwalin taliya, matata ta tsaya a gefe riƙe da fitila mai caji tana haska mini fuska, ni kuma na sa kwat ɗin da na aro. Matar da ta yi mini tambayoyi ta ce in nuna mata yadda zan koya wa yara 'yan shekara bakwai sunayen launuka. Na ɗauko tumatir da lemon tsami da murfin bokiti shuɗi na yi darasin, har tana tafa hannu tana dariya. Ta ce darasin ya yi kyau ƙwarai. Sai ta tambayi fasfo na wace ƙasa nake riƙe da shi, duk da yana rubuce a takardata. Da na faɗa, sai ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta da matsala, amma iyayen yaran sun fi son wanda aka haifa da Turanci a baki, in kuma za su ɗauke ni albashin ba zai kai na waɗancan ba, za su neme ni. Ba su neme ni ba har yau. Matata ta sauke fitilar, hannunta ya sage, ba ta ce komai ba, ta je ta ɗora ruwan koko. Da na fita masallaci sallar asuba, Allah ya sani, da ƙyar na tattara hankalina.

Ban daina ba. Na gane cewa irinmu da ba mu cikin jerin, takardu ne za su yi mana magana. Na riga na yi asarar kuɗi sau ɗaya a kan wata takardar shaidar koyar da Turanci ga baƙin harshen, wato TEFL, mai arha da na yi a intanet cikin kwana huɗu, babu wanda ya taɓa kallon koyarwata, kuma duk makarantar kirki da na aika wa ba ta ko ɗaga ido ta dube ta ba. Wadda ake girmamawa ita ce CELTA ta Jami'ar Kambirij da ke Ingila: karatu ne na kusan awa 120, a ciki za ka koyar da ɗalibai na gaske na awa shida malamai suna zaune suna auna ka, kuma kuɗinta ya haura fam 1,000 na Ingila. Bayan ita akwai jarrabawar auna iya Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki. Akwai sabon fasfo, akwai takardar shaidar hali daga 'yan sanda, akwai kai digiri Abuja a buga masa hatimi a Ma'aikatar Ilimi, a wuce da shi Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Kowane mataki da kuɗinsa da kuɗin mota da na kwana. Na lissafa, ko da zan daina ci da sha, albashin shekara uku ba zai biya ba.

Ana cikin haka aka haɗa ni da wani ejan a Kano. Ofishinsa da na'urar sanyaya ɗaki, da hotunan jirage a bango. Ya ce duk wannan wahalar ba ta da amfani, in kawo naira miliyan uku da rabi, shi zai sama mini aiki a Tailan. Zan shiga da bizar yawon buɗe ido, wani zai tarbe ni a filin jirgin Bankok, daga baya makarantar ta mayar mini da ita ta aiki. Na tambaye shi sunan makarantar, ya ce sai na biya rabi. Na tambayi kwantiragi, ya ce a can ake sa hannu. Na ce na karanta cewa malami a Tailan yana buƙatar bizar aiki da izinin hukumar malamansu, kuma ɗan ƙasa irin tamu sai ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEIC. Sai ya yi murmushi ya ce yawan bincike ne ke hana 'yan boko arziki, ya nuna mini hoton wani saurayi tsaye a gaban allo da yara kewaye da shi, ya ce shi ya tura shi bara.

Malam, na ji a labarai abin da ya faru da mutanen da aka yaudara da sunan aiki a Tailan, aka ɗauke su daga filin jirgi aka yi ta tafiya da su har garin Mae Sot, aka tsallaka da su kogi zuwa yankin Myawaddy na ƙasar Myanmar, aka ƙwace fasfonsu, aka kulle su a gidajen damfarar intanet, wanda ya ƙi a yi masa duka. A farkon 2025 an fito da ɗaruruwa daga can, cikinsu da 'yan Afirka da dama. Na san wannan. Amma in na dawo gida na tarar da tukunya a kife, sai zuciya ta riƙa raɗa mini cewa ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wataƙila wannan na gaskiya ne.

Kuɗin kuwa hanya ɗaya ce tak zan same su. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a bayan gari, mu biyar, ba a raba ba. Gari ya matso, masu yanka fulotai sun taya. In aka sayar, rabona zai biya ejan, ko kuma ya biya CELTA da sauran takardun, amma ba zai biya duka biyun ba. Yayana ya ce shi ba zai hana ni haƙƙina ba. Ƙannena mata biyu ba su ce komai ba, na san kuwa da geron gonar suke rufa wa kansu asiri. Da na je wa Inna da maganar, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba har na gama. Ta ce, "Ubanku ya yi shekara arba'in yana zuba taki a wurin nan. Takardar da za ka saya da ita, tana fitar da damin gero?" Daga nan ta ce in dai alheri ne ba za ta tsaya mini a gaba ba, ta sa mini albarka, amma na ga ta share ido da bakin mayafi. Tun ranar barcina bai cika ba.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda da farko na raina. Wani ɗan'uwan matata yana zaune a Maraɗi ta Nijar, ya ce wata makaranta mai zaman kanta tana neman malamin Ingilishi, don a can in ka ce Turanci, sau da yawa Faransanci za a ɗauka kana nufi. Ya ce tun da sabon kundin ƙasar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, masu son koyo sun ƙaru, ga 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, ga ɗalibai masu son shigowa jami'o'in Najeriya. Da sefa za a biya ni, in na canza ya fi abin da nake ɗauka nesa, ko da bai kama ƙafar na Asiya ba. Maraɗi ta fi Kano kusa da mu, babu jirgi, babu ejan, babu mai tambayar da wane harshe aka haife ni, kuma zan iya yi wa ɗalibi bayani da Hausa in ya kasa ganewa. Abin da ke sa ni ja da baya shi ne halin da hanyar Jibiya take ciki, da kuma yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ina tsoron in kai iyali wata rana a wayi gari an sake rufewa. Gaskiya kuma akwai abin da nake jin nauyin faɗa: bayan duk unguwa ta ji zan tafi ƙasar waje, in aka ji Maraɗi na tsaya, ban san da wane ido zan kalli mutane ba. Na san wannan tunanin bai dace ba, amma yana nan a raina, shi ya sa na faɗa maka.

Na kuma ji labarin shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda tun 1987 yake aika malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da na Karebiyan da Fasifik. Ina sa ido in an buɗe in nema, amma mutum ba zai ajiye iyali ya zauna jiran abin da bai san ranarsa ba.

To, Allah ya gafarta Malam, ka duba mini. Ya halatta in matsa a sayar da gonar da uwata da ƙannena suke ci daga gare ta, saboda takardar da ko na same ta wani zai iya sake cewa fasfona bai yi masa ba? Albarkar da Inna ta sa mini da hawaye a idonta, izini ce ko kara ta yi mini? Shi kuma ejan nan, akwai hanyar da talaka zai bi ya tabbatar da gaskiyarsa kafin ya ba da ko sisi, ko kuwa hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ya kamata in je in yi tambaya a kansa? In kuma Maraɗi ka ga ya fi, in fara tafiya ni kaɗai in ga kamun ludayin wurin, ko in tafi da su gaba ɗaya? Matata ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa tata, abin da kawai ba ta yarda da shi ba shi ne in tafi inda ba za ta san sunan makarantar da nake ba.

Ejan ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ya ce bayan nan zai ba wani gurbin. Yayana kuma ya kira zaman gida ranar Juma'ar sama bayan an sauko daga masallaci, kuma ni za a fara tambaya. Ina roƙon in da hali a karanta wasiƙata kafin ranar. In akwai mai sauraro da ya taɓa koyar da Turanci a ɗaya daga cikin ƙasashen nan da fasfon Najeriya, don Allah ya bugo ya faɗi yadda ya shiga da abin da ya tarar.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri.

Ɗanka,
Wani malamin makaranta daga Katsina