A Daina Sallamar Mabukata da Ayar Furannin Jeji

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata aya ta Littafi Mai Tsarki wadda na ga ana yi mata riƙon sakainar kashi. Ni Bahaushe ne Kirista, ina zaune a Gadarif da ke gabashin Sudan, a tsakanin 'yan'uwa Hausawa waɗanda kusan dukansu Musulmi ne.

Ayar tana cikin Matiyu 6:28-30, inda Yesu Almasihu ya ce wa jama'a su dubi furannin jeji yadda suke girma, ba sa wahalar aiki, ba sa kaɗi, amma ko Sarki Sulemanu da dukan daularsa bai taɓa yin adon ɗayansu ba. Ya ƙara da cewa idan Allah yana suturta ciyawar da ke tsaye yau, gobe a jefa ta a tanderu, ina ga ɗan Adam.

Tun da yaƙin basasa ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a watan Disamba na shekarar, garinmu ya cika da masu gudun hijira, har makarantu suka zama wuraren kwana. A irin wannan wuri ne na ji wata mata mai 'ya'ya uku ta roƙi wani mai wa'azi bargo, ta ce, "Baba, sanyi yana hana yaran barci." Sai ya buɗe littafi ya karanta mata wannan aya, ya ce ta rage damuwa, ya shiga motarsa ya tafi. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin mutumin yana da halin sayen bargo goma.

Yesu ya faɗi maganar ne a ƙasar Galili, ga masunta da manoma da 'yan ƙodago waɗanda haraji ya yi wa katutu a zamanin mulkin Romawa. A can ruwa yana sauka ne da hunturu, wajen Fabrairu da Maris tuddai su rufe da jajayen furanni, sannan iska mai zafi ta taso daga gabas ta ƙone su cikin kwanaki kaɗan, mata su kwashi busasshiyar ciyawar su hura wutar gashin gurasa. Mu ma a nan mun san wannan da idonmu. Baƙar ƙasar Gadarif, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafa ta faɗa ciki, da zarar damina ta kankama sai ta yi shar, tafasa ta fitar da rawayan furenta, yaryaɗi ya nannaɗe shingen gonakin dawa da riɗi. Kafin Nuwamba ta ƙare babu abin da ya rage sai karmami.

Annabawa sun daɗe suna auna ran mutum da wannan ma'auni. Ayuba 14:2 ya ce mutum yakan fito kamar fure, ya yi yaushi. Zabura 103:15-16 ta ce iska na bi ta kansa shi ke nan, ko wurin da ya tsaya ba ya ƙara saninsa, kuma duk wanda ya bar gidansa a Khartum da ɗan ƙunshin kaya ya san ɗacin wannan magana. Ishaya 40:6-8 kuwa, wadda ta zama ta'aziyya ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila a ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu, ta ce dukan mutane ciyawa ne, har da masu mulkin da suka kama su, maganar Allah kaɗai ke dawwama. Wani maƙwabcina malami ya taɓa karanta mini aya ta 45 a Suratul Kahfi, wadda ita ma ta kwatanta rayuwar duniya da tsiron da ruwan sama ya raya, ya wayi gari busasshe iska na sheƙe shi, muka daɗe muna jinjina kai tare.

To, wa furen yake fara yi wa gargaɗi? Wasiƙar Yakubu 1:10-11 ta ambaci mai arziki ƙarara, ta ce zai shuɗe kamar furen ciyawa yana tsakiyar harkokinsa. Surar Matiyu ɗin nan ma da aka karanta wa matar, da batun sadaka ta fara, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar, sannan ta hana tara dukiya inda asu da tsatsa ke cinyewa. Wanda ya tsallake waɗannan ya kama ayar furanni kaɗai, ya yanke reshe ne daga bishiyarsa. Allah yana suturta fure ta hanyar ruwa da ƙasa, mutum kuwa sau da yawa ta hannun ɗan'uwansa yake suturta shi, shi ya sa Yakubu 2:15-16 ya tambayi amfanin ce wa mai tsiraici da yunwa ya sauka lafiya ba tare da an ba shi komai ba.

Ban ce ayar ba ta da ta'aziyya ga talaka ba. Matar nan, wadda yanzu take sayar da shayi a bakin kasuwa, ta gaya mini da bakinta cewa in dare ya yi lissafin gobe ya hana ta runtsawa, takan tuna cewa wanda bai ƙyale furen kwana uku ba tare da ado ba, ba zai manta da 'ya'yanta ba, sai ta samu barci, da asuba kuma ta tashi ta hura gawayi. Wannan dogara tata ce, tsakaninta da Ubangijinta, kuma ba ta sauke wa kowa nauyin da ke kansa ba.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya da ke karanta wannan jarida a Najeriya da Nijar da nan Sudan shi ne, duk ranar da za su yi wa'azi a kan furannin jeji, su karanta surar tun daga farkonta, kuma a ajiye kwando a ƙofar majami'a domin zannuwa da barguna. Sanyin Disamba da Janairu yana tafe, kuma har yanzu akwai yaran da ke kwana a kan tabarma ba mayafi.

Naka mai karatu,
daga Gadarif, Sudan.