Tundra Ta Kusa Cinye Mini Ribar Shinkafa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in ja kunnen masu sha'awar manyan a-kori-kuran Amurka. Bara na sayi Toyota Tundra 'yar Kwatano, mai injin V8 na lita 5.7, don kai shinkafa daga Kura zuwa kasuwar Dawanau. Dillali har rantsuwa ya yi mini wai ba ta shan mai. Ashe ko EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, mil 15 ta rubuta mata a galan ɗaya, wato kilomita shida da ɗoriya a lita, kuma ba da buhuna a baya aka gwada ta ba.

Ni dai na auna da kaina. In cika tanki fal, in rubuta lambar kilomita a bayan rasit, in sake cikawa in lissafa. Da lodi, ga cunkoson Kurna, ga na'urar sanyi a zafin Afrilu, da ƙyar nake ganin kilomita huɗu a lita. Kana tsaye a danja, allurar mai tana sauka a idonka!

Ƙarfi kam akwai shi, ba na musu. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa zai iya ciyar da ita? Yanzu tana ƙarƙashin rumfa, tsohuwar Hilux ɗin ƙanena ke aikin.

Naka,
Wani manomi daga Kura, Jihar Kano