Tarihin Fada Waller na Shendam ma tarihin Arewa ne

Edita, barka da aiki, Allah ya kara basira. Dan Allah ka dan ba ni fili in yi magana kan wani bangare na tarihinmu da na ga kusan ba a tabo shi a jaridun Hausa. Duk sanda aka tashi labarin zamanin Turawa sai dai Lugga da Sarkin Musulmi Attahiru da yakin Burmi, wannan kam dole a fada, amma ai Arewa ba ta tsaya a nan ba, akwai mutane irin su Fada Oswald Waller wanda yawancin yaranmu har 'yan coci ma ba su taba jin sunansa ba.

Shi Waller dan yankin Alsas ne, wanda a lokacin yana hannun Jamus, kuma dan kungiyar SMA ne, kungiyar limaman Katolika da aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856 don aiki a Afirka. Wanda ya kafa ta ma bai yi wata biyu da sauka Firitawun ta kasar Saliyo ba a 1859 zazzabin shawara ya kashe shi, to ka ga duk wanda ya shigo jirgi bayan wannan ya san abin da ya taro. A watan Fabrairu 1907 Waller ya iso Shendam, da ke jihar Filato a yau, tare da Fada Mouren da Fada Belin. Ba titi ba jirgin kasa, hanyar wancan lokaci ita ce ka bi kogin Binuwai daga Lakwaja zuwa Ibi, daga nan ka taka da kafa cikin zafin nan na kasar Shendam, 'yan dako dauke da akwatuna a ka, ga sauro ga kudan tsando, maganin da ka dogara da shi kwinin ne kawai.

Wani zai ce me ya kai su can ba Kano ko Zariya ba? Ai gwamnatin Turawa ce da kanta ta taka wa 'yan mishan birki a kasashen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taba addini ba. Shi ya sa suka nufi Shendam, kasar Goemai, wadanda mu Hausawa muke kira Ankwai, kuma sarkinsu Long Goemai ya karbe su ya ba su wurin zama. Ni a ganina wannan sarki ya cancanci a rika ambatonsa daidai da su Fada, don bako komai iliminsa in ba a ba shi masauki ba ina zai fara.

Kuma fa ba wai da zuwansu mutane suka yi ta tururuwa ba, shekarun farko da kyar ake samun masu karbar baftisma, sai da suka koma noma suka bude gona a Demshin, suna koyon yaren mutane suna ba marasa lafiya magani. A 1911 fadar Paparoma ta ware wannan yanki daban a tsarin coci aka ba Waller shugabancinsa, ya rike har 1929. Daga cikin yankin nan ne yankunan coci na Kaduna da Jos suka fito a 1934, ita kuma Shendam sai 2007 ta zama dayosis, wato yanki mai bishop dinsa, shekara 100 cif da zuwansu. Akwai kuma Fada Sirlinger da ya zauna ya hada kamus din Goemai a 1937, aikin da masana harshe ke komawa gare shi har yau.

Ban ce duk abin da 'yan mishan suka yi daidai ne ba, a karkashin inuwar mulkin mallaka suka shigo kuma da dama cikinsu sun raina al'adun da suka tarar, wannan ma a rubuta shi yadda yake. Abin da ke ci min rai shi ne sunayen Turawan suna nan a ajiye a takardun kungiyarsu, amma katikis-katikis din farko, wato masu koyar da addini a coci, da tafintoci da 'yan dakon nan fa, wa ya rubuta su? Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ta karewa.

Don haka ina rokon ka tura wakilinku na Filato ya je Shendam da Demshin ya zauna da tsofaffin nan da rikoda, ya nemi izinin duba tsoffin littattafan baftisma na coci, ku buga mana shi da Hausa ko da kashi-kashi ne a shafin tarihi.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Jos