Zuwa ga Mama da Baba, kan maganar Auta

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Baba? Ni ƙalau nake, sanyi ne kawai, shi ma na fara sabawa. Nan Ingila yanzu ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe, sai ka ga kamar an sace maka rabin yini.

Na tura kuɗi ranar Litinin ta hannun Yaya. Za ku ga bai kai na watan jiya ba, zan zo kan dalili. Maganin Baba ne farko, sai kuɗin makarantar yara. Ko sisi kada a ba Auta. Mama, da ke nake, don na san zuciyarki, yana langaɓe kai kin kwance bakin zani.

Labari ya iso ni, kada ku tambaye ni a bakin wa, cewa wata biyu ke nan Auta bai taka wurin koyon aikinsa ba. Wai ya yi mafarki ya ga kansa cikin jirgi, don haka Allah ya nuna masa arzikinsa a waje yake. Wai har akwai wanda zai haɗa masa takardu, a canza masa suna, a rage masa shekaru. Abin ya hana ni barci. Ba na musun Allah yana yi wa bayinsa magana da dare. Bulus ma a Taruwasa wahayi ya gani kafin ya haye Makidoniya, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 16. Amma yana tsakiyar aiki abin ya same shi, ba kwance yake yana jiran kuɗin yayarsa ba. Ku ce wa Auta ya buɗe littafin Yunusa. Da ya gangara Yafa ai ya tarar da jirgi a shirye, kuɗin ma yana da shi, ya biya ya shiga, alhali Nineba aka aike shi. Allahn da ya hana shaidar zur ba zai sa ɗansa ya ɗauki sunan ƙarya ba, wannan ba ya bukatar azumin kwana uku kafin a gane.

To, ga dalilin ƙarancin kuɗin. A gidan tsofaffin da nake aiki, waɗanda ba sa iya motsi ana juya su a gado, wasu duk bayan awa 2, don kada jikinsu ya yi gyambo, kuma duk juyi sai an rubuta lokaci an sa hannu. Wani dare ma'aikata suka yi kaɗan, akwai wata tsohuwa da ba mu kai gare ta ba tun 12 har wajen 5 na asuba. Da gari ya waye mai kula da sashenmu ta ajiye mini takardar a kan tebur, ta ɗora yatsa a guraben da babu komai, ta ce in cike. Biro na hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, na kusa. Maganin Baba na tuna, na tuna haya. Ban ji wata murya daga sama ba, abin da ya faɗo mini shi ne ayar nan da Baba ke yawan ja mana kunne da ita muna yara, Matiyu 5:37, i ɗinku ya zama i, a'a ya zama a'a. Na rubuta yadda aka yi, hannuna na rawa. Ba ta ce uffan ba. Tun daga ranar dai ba a sake kira na ƙarin aikin ƙarshen mako ba.

Kada ku damu, ba a kore ni ba, ina cin abinci, ina zuwa sujada. Tsohuwar ma ta warware, yanzu in na shiga sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Kwas ɗin da na ce muku ina yi kuwa na ci, sakamako ya fito, Mama ki gaya wa Gwaggo da ta ce wankin tsofaffi na zo yi.

Wani lokaci in na kwanta sai in ce ni na riƙe gaskiya, ku kuma ku ke biyan kuɗinta. Kuma in zan yi wa Auta faɗa, ni ma sai in sunkuyar da kai. Lokacin da zan taho ban tambayi Ubangiji ba, sai da biza ta fito na durƙusa ina godiya, na yanke shawarata na kai masa ya sa hannu. Kaka ta rasu ba na nan. Ku gafarta mini in na yi muku gaggawa a lokacin.

Maganar zuwa gida ba zan sa rana ba, littafin Yakubu ya ce mu riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Ina tarawa dai.

Baba, don Allah ka zaunar da Auta kai da kanka, ba a gaban yara ba. In ya koma wurin aikinsa ya yi wata uku cur, ni zan saya masa kayan aiki, amma ta hannun Yaya, kuɗi ba zai bi ta aljihunsa ba. Mutumin takardun nan kuma kada ya sake taka ƙofar gidanmu. Mama, na sake faɗa, ko sisi.

A gaida Fasto da kowa da kowa. Yaya ta ɗauki hoton rasit ɗin maganin ta turo mini.

Taku,
'yarku