Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Umaru Bago Kan Lasisin Masu Wa'azi

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Tun watan Satumban 2025, da Hukumar Harkokin Addini ta Jihar Neja ta ba masu wa'azi wata biyu su nemi lasisi, kai kuma ka fito a talabijin ka ce mai huɗubar Juma'a ya kawo ta a duba tukuna, tambaya ɗaya ke damuna: a ina abin zai tsaya?

Ranka ya daɗe, wa'azi ya jima da zarce bangon masallaci da na coci. Ɗalibi ne zai jingina waya a jikin tarin littattafai, malam na jan tafsiri a zaure a Kontagora, ana kallo kai tsaye a Facebook har daga Jidda. Uwargida na wanke-wanke tana sauraren karatun Ahalari a WhatsApp. Fasto a Minna na ɗora wa'azin Lahadi a YouTube. To, saƙon murya na minti uku da malam ya tura wa ɗalibansa, shi ma sai an buga masa hatimi? Wa zai buga? Ɗan Izala ne zai tantance ɗan ɗariƙa, ko ɗan ɗariƙa ne zai tantance ɗan Izala? Ranar da malam ya tambayi dalilin da ya sa mutanen Shiroro ke kwana a daji saboda 'yan bindiga, anya lasisinsa zai kai gobe?

Ba haka kawai muke tsoro ba. Mun ga umarnin da ka bayar na rufe gidan rediyon Badeggi FM a watan Agustan shekarar. Ƙudirin taƙaita kafafen sada zumunta na 2019 Sanata Sani Musa ne ya kawo shi, na kalaman ƙiyayya mai hukuncin rataya kuma Sanata Sabi Abdullahi. Duk 'yan jihar nan ne. Sai ka ce mu aka ba kwangilar toshe bakin jama'a!

Da Alƙur'ani a hannunka ka rantse za ka kare kundin tsarin mulki. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, bai ce sai da takardar wani darakta ba.

Masu kafirta mutane da tunzura matasa a TikTok suna nan, mun san su. Maganarsu tana naɗe a bidiyo, kotu kuma a buɗe take. A gurfanar da wanda ya yi laifi bayan ya yi. Don Allah ka janye wannan tsari, sannan ka faɗa da bakinka cewa ba zai shafi abin da malamai da fastoci ke yaɗawa a intanet ba.

Naka,
Wani ɗan Jihar Neja