Rahoton kwamitin gyaran zauren lacca da ɗakin karatu na sashenmu na koyon aikin ɗakunan karatu da adana takardu

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyayenmu malamai, da yayyenmu da suka riga mu fita, da ƙannenmu ɗalibai da ke kan benci har yanzu.

Aikin da babban taron tsofaffin ɗalibai ya ɗora mana ya kammala. Zauren da muke haɗuwa a cikinsa kowace shekara, da ƙaramin ɗakin karatu da ke manne da shi, sun koma hannun shugaban sashe, an kuma danƙa masa mabuɗai a gaban shaidu. Ga bayanin abin da aka yi da kuɗinku da dalilin yin sa haka, domin mun ji cewa wasu sun leƙa sun fito suna tambayar ina kuɗin ya shiga.

Duk wanda ya zo taron ƙarshe da aka yi a zauren ya san halin da yake ciki. Kwanon rufi ya yi tsatsa, ƙusoshi sun saki, ruwa yana sauka ta silin daidai kan kantar da ake jera kundayen kammala karatu. Gara ta cinye ƙafafun kantocin katako daga ciki, daga waje fenti lafiya lau, ka danna da yatsa ya lotsa. Har ta kai laccocinmu sun koma ƙarƙashin rumfar haya a tsakar fili, mai lacca yana magana iska tana kwashe masa takardu.

A zaman farko an yi gardama mai zafi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Wani ɓangare, galibi matasa, sun so a sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, a gyara gaban gini ya yi kyau a hoto. Ba su yi laifi ba. Wanda ya taɓa zama sauraron lacca a Yamai cikin watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da suke gudu. Amma kwamiti ya tsaya a kan cewa zauren ba na mutane kaɗai ba ne, akwai takardu a ciki, kuma mu ne aka koya wa abin da ke kashe takarda: ruwa, gara, ƙura da zafi mai hawa da sauka. Takarda tana son sanyi na wajen digiri 18 zuwa 20 da laima madaidaiciya, amma abin da ta fi so shi ne yanayin da ba ya canzawa. Na'urar da za a kunna da safe, wuta ta ɗauke da rana, a kashe ta da yamma, sai ta sa takarda ta riƙa shan laima tana bushewa kullum, har ta yi gautsi ta kakkarye. Kowa yana tune da watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, unguwanni suka riƙa kwana cikin duhu. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta kawo sauƙi daga baya, amma ba mu ga hikimar jingina lafiyar kundaye ga abin da ba ya hannunmu ba. Aka kaɗa ƙuri'a, gyaran rufi ya yi rinjaye.

Rufin ne ya ci kaso mafi girma. An kwance tsohon kwano gaba ɗaya, an cire katakan da suka ruɓe aka sa ƙarfe, aka ɗaga sabon rufin ya bar sarari tsakaninsa da silin, da ƙofofin iska a gabas da yamma masu ragar waya saboda jemagu da tsuntsaye. Iska mai zafi tana fita ta sama maimakon ta kwanta a kan mutane. An kuma tsawaita bakin kwano don ya yi wa bango inuwa, feshin ruwan sama ma ya daina dukan tagogi. A nan ne muka samu saɓani da ɗan kwangila: indararon da ya fara sakawa ya karkata wajen bango, ruwan farko na damina ya tona asirinsa. Mun riƙe cikon kuɗinsa har ya kwance ya sake, da aljihunsa. Wannan ne ya ja aikin ya wuce lokacin da muka yi muku alkawari.

Sai ƙasa, inda kuɗi ya shiga ba a ganin sa. An fasa tsohon daɓe, an haƙa rami kewaye da tushen gini an zuba maganin gara, sannan aka ɗaga sabon daɓen siminti sama da tsakar fili, da ɗan gangare a ƙofa domin masu keken guragu. Ruwan saman Yamai ba shi da yawa a lissafin shekara, bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, amma kusan duka yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, wani lokaci na mako guda ya sauka a dare ɗaya. A Satumban 2020 kogin Kwara ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, madatsa ta ɓalle ta wajen unguwar Lamorde, gidaje da yawa suka tafi. Cikinmu akwai waɗanda suka shanya takardun shaidar karatunsu a kan igiya a wannan shekara. Shi ya sa duk kantocin da maƙerin walda ya yi mana na ƙarfe ne, ba su jingina da bango ba, kuma hawan kantar na can ƙasa ya tashi santimita 15 daga daɓe. Kada wani ya ga wurin a sarari ya cusa kwali a ciki, da gangan aka bar shi.

Wuta kuwa an sa faranti na hasken rana da batura daidai ƙarfin fankoki, fitilu, lasifika da kwamfutocin ɗakin karatu. An sake wayoyin duka. Fenti da kujeru ba su da labari, sai dai mu gode wa ƙannenmu da suka kankare tsofaffin bencina suka shafa musu mai ba tare da karɓar ko dala ba.

Akwai abu ɗaya da muka ƙi fitarwa duk da matsin wuri, wato tsohon akwatin katin kataloji mai aljihuna, inda kowane littafi yake da katin bayaninsa. An ce ya zama tarkace tunda yanzu komai yana cikin PMB, manhajar kwamfuta ta rajistar littattafai. Yayyenmu da suka yi karatu a EBAD ta Dakar, makarantar da aka kafa a 1967 wadda ta horar da ma'aikatan ɗakunan karatu da na adana takardu na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, su ne suka tsaya masa. Da katin nan mai santimita 7.5 da 12.5 suka koyi sana'a, daga baya suka shiga manhajar kwamfuta ta CDS/ISIS ta UNESCO. Hujjarsu ta yi ƙarfi: ɗalibin da ya taɓa cika kati da hannunsa, ya rasa inda zai sa sunan marubuci da inda zai sa lambar Dewey da ake jera littattafai da ita bisa fanni, ya fi gane abin da kwamfuta ke tambayarsa. Kafinta ya sake masa ƙafafu, an feshe shi, yana nan kusa da ƙofa. Da muka buɗe aljihunan ma mun ga rubutun hannun wasu malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su da rahama.

Kundayen da ruwa ya taɓa an ware su. Waɗanda suka yi fumfuna an shanya su a inuwa, an goge su da burushi mai laushi, ba a kai su rana ba. Ɗaya daga cikinmu da ta yi aiki da tsofaffin rubuce-rubucen hannu ita ta jagoranci wannan, ta kuma nuna wa ɗalibai yadda ake naɗa akwatin kwali daidai girman kowane kundi. Ƙasar da ke da taskar Larabci da ajami irin ta cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, taskar da masanin tarihi marigayi Boubou Hama ya assasa tattara ta, mai ɗauke da rubuce-rubuce wajen 4,000, bai kamata ɗalibanta su fita ba su iya riƙe tsohuwar takarda ba. Muna ba kwamitin laccoci shawara ya mai da wannan darasi na kowace shekara, ya kuma nemo mai magana a kan ceto faya-fayan tarihin baka irin waɗanda ke CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke Yamai, domin kaset ya fi takarda saurin mutuwa a zafinmu.

Game da kuɗi, da ruwan ciki aka ja na rijiya: sai da karo-karonmu ya taru, mai jika biyar da mai jika hamsin, daga Yamai, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas da ƴan uwa mazauna waje, sannan masu hannu da shuni suka yarda suka cika. An karanta lissafin layi-layi a ranar miƙa mabuɗai. Littafin shiga da fita da rasiɗai suna wurin ma'aji, duk mamba yana da haƙƙin dubawa. Ɗan abin da ya rage an ajiye shi don feshin gara da share indararo kafin watan Yuni, ba za a taɓa shi don abincin taro ba.

Abin da bai samu ba shi ne banɗaki, musamman na mata, da majigin nuna rubutu a bango, wanda har yanzu aro ake yi. Mun bar su ga babban taro mai zuwa. Sannan da aka sake jera littattafai bisa rajista, an ga giɓi a kantoci, kuma katunan aro sun nuna sunayen da muka sani sarai, wasu ma manya ne a ofisoshi yanzu. Ba mu karanta sunan kowa ba. An ajiye kwali a ofishin sakataren sashe, mai littafin sashe a gidansa ya kawo ya saka, ba za a tambaye shi komai ba.

Wassalam.
Kwamitin gyara